A Ji Ta Bakin Na'ura Kafin A Yanke Mata Hukunci

Na san da yawa daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin maganar kwamfuta a cikin wannan mujalla, wadda aka saba cika ta da nazarin waƙa da karin magana da tsarin sauti. Wani ma zai ce wannan ɓatan kai ne, a nuna wa marubucin hanyar sashen kimiyya. Ina roƙon a yi mini uzuri har in kai aya. Abin da ya kawo ni shi ne muryoyin waɗansu dattawa na ƙasar Ruma, waɗanda saura ƙiris in yi asararsu gaba ɗaya saboda wani ɗan kati da bai cika tafin hannu ba, da kuma wata ɗabi'a da muke da ita ta yanke wa na'ura hukunci ba tare da mun ji ta bakinta ba.

A ƙarshen daminar 2021 ina gida Batsari, ina tattara tarihin baka da kirarin maharba don aikin bincikena. Duk wanda ya san wannan yanki ya san halin da ake ciki a lokacin. Mutanen ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, daga ɓangaren Batsari har zuwa na Safana, da yawansu sun baro gidajensu saboda 'yan bindiga, sun dawo gari suna raɓe a gidajen dangi. Dattawan da a da sai mutum ya yi tafiyar yini kafin ya iske ɗaya, ga su nan a zauruka, babu gona babu farauta, sai tunanin gida. Ga mai bincike wannan dama ce mai ɗaci, kuma ba mai daɗewa ba ce, domin tsoho da aka raba da mahaifarsa ba ya yin ƙarko. Ana cikin haka, a watan Satumba na shekarar, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, a matsayin matakin tsaro na gwamnatin Aminu Bello Masari, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. Aka yi watanni babu kira, babu intanet, cajin batir ma sai an sha wuya.

Kayan aikina biyu ne. Akwai wata tsohuwar rikoda ta aro mai adana murya a kan kati irin wanda ake kira CompactFlash, sai kuma kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo, wadda ta girmi waɗansu ɗaliban ajin farko. Wayar da ke haɗa rikodar da kwamfuta ta ɓace tun kafin ta zo hannuna. Hanyar da ta rage ta kwashe muryoyin ita ce a cusa katin rikodar cikin wani kube na ƙarfe, sa'an nan a tura kuben cikin aljihun da ke gefen kwamfutar.

Wannan aljihu yana bukatar bayani, domin kwamfutocin yanzu ba su da shi. A 1989 waɗansu kamfanoni suka kafa ƙungiya mai suna PCMCIA don su daidaita yadda za a riƙa ƙara wa ƙananan kwamfutoci abin da ba a ƙera su da shi ba. Suka fito da kati mai faɗi da tsawon katin banki, mai ramukan haƙora 68 a baki ɗaya. Wanda yake son haɗa kwamfutarsa da layin tarho, ko da intanet marar waya, ko yana son ƙarin ma'aji, sai ya sayi katin da ya dace ya tura a aljihun. Shi ya sa nake kiransa katin ƙari. A 1995 aka fito da ƙaninsa mai sauri, CardBus, wanda ake gane shi da wani zirin ƙarfe mai ruwan zinariya a bakinsa, kuma aljihu ɗaya suke shiga da na farin. A 2003 kuma aka zo da ExpressCard, siriri mai haƙora 26, wanda ba ya shiga aljihun magabatansa. Daga baya USB ta cinye kasuwar duka, ita kanta ƙungiyar ta naɗe tabarmarta wajen 2009. Amma kwamfutocin da aka ƙera a wancan zamani ba su ɓace ba. Turai da Amurka sun gama da su, jiragen ruwa sun sauke su a Legas, kuma har yau ana samunsu a hannun ɗalibi da malamin firamare da mai shagon buga takardu.

To, ran nan da dare na tura katin, na zauna ina jiran ya bayyana a allo, shiru. Na zare na mayar, shiru. Na kashe na kunna har batir ya kusa ƙarewa. Katin rikodar kuwa ya kusa cika, ga hirarraki na kusan mako uku a ciki, babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Babu wanda zan kira, babu inda zan duba. Da na sami mota sai na nufi birnin Katsina, inda layin waya yake aiki, na kai wa wani mai gyara. Ya tura katin sau ɗaya, ya ga allon bai yi kama da wanda ya saba gani ba, sai ya ce, "Malam, wannan manhajar taka ba ta ɗaukar kati. A yi mata fomatin a sa mata Windows. In kuma ya ƙi, to katin ne ya kamu, shi ma a wanke shi." Watau maganin da ya ba ni shi ne a shafe kwamfutar, in bai yi ba a shafe dattawan. Ba na zarginsa da mugunta. Abin da aka koya masa ke nan, kuma sau da yawa yana samun abincinsa da shi. Na karɓi kayana na yi godiya.

Manhajar da ya ƙi jinin gani ita ce Linux. A haƙiƙa Linux suna ne na ƙwayar manhajar, wato ɓangaren da ke zaune tsakanin ƙarfen na'ura da sauran shirye-shiryen da mutum yake gani a allo. Ita ce mai raba aiki, mai rabon wuri a ma'ajin tunani, mai karɓar duk baƙon da aka cusa wa na'ura. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991 yana Jami'ar Helsinki, kuma tun 1992 take ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa izinin karanta rubutunta da gyara shi da rarraba shi. Wannan ne ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. Kowane irin kati kuma yana da ɗan shirin da ke fassara tsakaninsa da ƙwayar. Masu sana'ar suna ce masa direba, ni kuwa na fi son in ce tafinta, don aikinsa ke nan. Wani Ba'amurke, David Hinds, shi ya yi shekaru yana ɗawainiyar tafintocin katin ƙari tun cikin shekarun 1990, kafin a shigar da aikin cikin ƙwayar kanta.

Wani abokina ɗan sashen lissafi ne ya zaunar da ni a ɗakinsa a wannan dare, kuma abin da ya fara yi ya ba ni kunya, domin abu ne da ya kamata ɗalibin harshe ya riga shi tunawa. Cewa ya yi, bari mu tambaye ta. Ashe ƙwayar tana da kundin da take rubuta duk abin da ya same ta tun daga lokacin da aka kunna na'ura, layi bayan layi, kuma kalma ɗaya ake bugawa a baƙin allo, dmesg, sai ta zayyano shi. Muka tura kati muka duba ƙarshen kundin, ba ta rubuta kome ba. Abokina ya ce wannan shirun ma jawabi ne: ba ta ma san an yi sallama ba, balle a ce ta ƙi baƙo. Sai muka koma baya taki ɗaya. Tsakanin aljihun da cikin kwamfuta akwai wani ɗan guntu da ke aikin gada, wanda kamfanoni irin su Texas Instruments da Ricoh da O2Micro suka riƙa ƙerawa. Muka buga lspci, ga gadar a jerin kayan da ƙwayar ta gani. Muka buga lsmod, ga tafintan gadar, mai suna yenta_socket, yana bakin aiki. Tun da gada tana nan, mai tsaronta yana nan, amma ba a ga mai hayewa ba, laifin ya koma kan ƙarfe.

A nan na koyi wata hikima ta maƙeran wannan aljihu. Haƙoran nan 68 ba tsawonsu ɗaya ba. Masu kai wuta sun fi tsawo, don su riga sauran taɓa katin. Guda biyu kuma sun fi kowa gajarta, kuma su ne masu shaida wa na'ura cewa kati ya zauna daram. Muddin waɗannan biyun ba su taɓa ba, ko da sauran duka sun shiga, ƙwayar ba za ta ji kome ba. Muka haska tocila cikin aljihun, sai ga ƙura ta daskare a can ƙurya, har da wani ɗan ɓawon gyaɗa da Allah kaɗai ya san shekarar da ya shiga. Muka share a hankali da tsinke da busasshen burushi. Da muka sake turawa, sai ga sabon layi a kundin: an sa kati a aljihu na farko.

Murna ta koma ciki, domin muryoyin ba su fito ba. Amma yanzu ƙwayar tana magana, kuma layin da ya biyo baya cewa ya yi ta kasa samar wa katin gurbi a ma'ajin tunani. Ga yadda abin yake. Kowane katin ƙari irin na farko yana ɗauke da 'yar takardar shaida a cikinsa, mai faɗin sunansa da maƙerinsa da irin wutar da yake sha, ko bolt 5 ko 3.3, da aikin da ya iya. Sai ƙwayar ta karanta wannan takarda kafin ta san tafintan da za ta kira. Ba ta kuwa iya karantawa sai ta sami wani fili a ma'ajin tunani wanda babu mai shi, ta shimfiɗa takardar a kai. A waɗansu tsofaffin kwamfutoci ba ta iya gano filin da kanta, sai wani ɗan ƙunshin shirye-shirye mai suna pcmciautils ya nuna mata, shi kuma yana karanto iyakokin filin daga wani fayil da ake kira config.opts. Wanda ya sa mini manhajar tun farko bai sa wannan ƙunshi ba. Muka sauko da shi daga intanet, girmansa bai kai na hoto ɗaya na waya ba. Muka sake kunna na'ura, muka buga pccardctl ident, katin ya faɗi sunansa, tafintan da ake kira pata_pcmcia ya karɓe shi a matsayin faifan ajiya. Kafin asuba na kwafe hirarrakin wuri biyu.

Mai karatu ya lura, cuta biyu ce ta haɗu a wuri ɗaya, ɗaya ta ƙarfe ɗaya ta manhaja, alhali alamarsu a ido ɗaya ce, wato kati bai fito ba. Da na bi shawarar fomatin, da ƙurar tana nan inda take, da kuma an zarce zuwa wanke katin. Abin da ya raba mana su shi ne bin zance daki-daki: wa ya yi magana, me ya ce, a ina ya yi shiru. Haka kuma ake bin sauran 'yan gidan. Katin CardBus, da yake ɗan gidan PCI ne, a jerin lspci ake nemansa, in kuwa gada ta bayyana shi bai bayyana ba, akan gwada umurtar ƙwayar tun wajen tashi da ta sake lambobin hanyoyin da kanta, da kalmar pci=assign-busses. ExpressCard fuska biyu gare shi, wani ta hanyar USB yake magana, sai a neme shi da lsusb, wani kuma ta PCI Express, kuma sau da yawa matsalarsa ita ce ba a jin shigarsa in na'ura tana kunne, amma in an tashe ta da shi a ciki sai ya yi aiki lafiya lau.

Ra'ayina a nan shi ne, wannan aiki na sauraron na'ura ya shafi sashen Hausa kai tsaye, kuma sakaci ne mu ci gaba da ɗaukarsa kamar na waɗansu. Kusan duk wani bincike da muke yi a kan adabin baka da karin harshe da al'ada, a yau cikin kati yake kwana. Ana koya mana yadda za mu gaida dattijo, da yadda za mu jera tambayoyi, da yadda za mu rubuta abin da muka ji bisa ƙa'ida, amma ba a ce mana kome a kan abin da za mu yi ranar da na'ura ta riƙe amanar ta ƙi bayarwa. Sa'o'i kaɗan a cikin darasin dabarun bincike sun isa a nuna wa ɗalibi yadda ake yin kwafi biyu tun a ranar hira, da yadda ake buɗe kundin ƙwaya, da dalilin da zai sa kada ya taɓa yarda a wanke katin da bai kwafe ba.

Na san za a ce, me ya hana ka sayi 'yar na'urar karanta kati mai shiga ta USB, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba? Gaskiya ne, kuma daga baya na saya, ina kuma ba kowa shawarar ya riƙe ɗaya a jaka. Sai dai a Batsari ta wancan lokaci ban sami mai sayar da irin wadda ke karɓar wannan kati ba, kuma ranar da ita ma ta ƙi aiki, kundin nan dai za a koma a buɗe. Za a kuma ce ai a bar tsofaffin kwamfutoci su huta. Wannan magana ce ta mai hali. Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuwa tana neman kayan ciki da waɗannan na'urori ba su da su. Ɗan manomin da ya sayar da buhunan gero ya sayi 'yar gwanjo, buɗaɗɗiyar manhaja ce kaɗai ta rage masa in yana son abin da ake sabuntawa.

Amma kada in yi wa Linux kirarin da ya wuce gaskiya, domin ita ma tana sallamar tsofaffi. A fitowa ta 6.8, a watan Maris na 2024, an cire tafintocin waɗansu tsofaffin katunan intanet marar waya, irin su Orinoco da Aironet. Debian, ɗaya daga cikin manyan masu harhaɗa Linux, da ta fitar da bugu na 13 a watan Agustan 2025, ta daina ba da ƙwaya da shirin girkawa don kwamfutoci masu bit 32, waɗanda su ne akasarin masu tsohon aljihun nan. Ban ga laifin masu wannan aiki ba. Tafinta yana bukatar mai kula da shi duk lokacin da aka canza wani abu a ƙwayar, kuma al'adarsu ita ce su yi shela a fili cewa za a cire abu kaza, ko akwai mai amfani da shi? In an ji shiru sai a cire. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu amfani da waɗannan na'urori suna nan a Batsari da Runka da Wagini da Dutsin-ma, amma shelar da Turanci ake yin ta, a dandalin da ba su san da shi ba, saboda haka a lissafin masu gyara babu su. Ƙofar a buɗe take ga kowa ya kai rahoto, ya ce ga irin na'urata, ga abin da kundinta ya rubuta. Wanda bai san akwai kundin ba, me zai kai?

Wannan ya kawo ni ga maganar kalmomi, inda nake ganin nauyin ya fi hawa kanmu. Mai gyaran da na ambata yana da basira, yana iya kwance kwamfuta ya ɗaure cikin sa'a guda. Abin da ya tsare shi shi ne baƙin allo mai Turancin da ko ɗan jami'a sai ya yi da gaske. Ko littattafan da zai iya samu a gwanjo, yawancinsu suna koyar da tsofaffin umurnai irin su cardctl, waɗanda aka maye gurbinsu tun 2005. Da akwai ɗan littafi na shafi ashirin da Hausa, mai bayyana ma'anar layuka goma ko goma sha biyar da ƙwayar ta fi yawan rubutawa game da kati da faifai, da shi da almajiransa sun daina wanke abin da bai yi dauɗa ba. Magabatanmu sun yi irin wannan aiki a fannin nazarin harshe da adabi, har aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990 wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya sa a yau muke nazarin ginin jimla da Hausa ba tare da mun yi ƙaranbani ba. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, ƙwaya da tafinta da aljihu da gada da kundi, gwaji ne kawai na ɗalibi. Mai yiwuwa malamaina su ga cewa "ƙwaya" tana da wata ma'ana a bakin matasan yau wadda za ta jawo dariya a aji, su kawo wadda ta fi ta. Ina maraba da haka, in dai za a zauna a yi, tare da 'yan sashen kwamfuta da su masu gyaran kansu, domin kalmar da ba ta shiga bakin 'yan kasuwa ba a takarda za ta tsufa.

Daga cikin dattawa bakwai da na ɗauka a wancan kati, uku sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ɗayansu maharbi ne, ya yi mini kusan sa'a biyu yana lissafa sunayen duwatsu da fadamu da mashayar namun daji tsakanin Ruma da cikin Rugu, wuraren da a lokacin hirar babu mai iya taka su. Na rubuta kashi ɗaya cikin uku na hirarsa, saura yana jira. Kwamfutar tana nan tana aiki da Debian bugu na 12, wanda ake sa ran za a ci gaba da kula da shi zuwa tsakiyar 2028. Duk ɗalibin da ke da irinta, ko yake da katin da ya ƙi fitowa, ya same ni a sashe bayan darasin yamma, ya zo da tocila da busasshen burushi.